Gimbana da Masallatan Ƙasa da Muka Rushe

In aka ambaci yankinmu, baƙo ba ya wuce albasar Aliero da masu ɗorinta, sai kasuwar Jega. Ba laifi, da su muke ci. Amma 'yan uwa, yaushe rabonmu da jin sunan Gimbana a bakin hira?

Garin manoma ne a ƙasar Jega, kuma a nan Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, ya zauna da jama'arsa. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa garin, suka tasa mutane gaba a ɗaure. Da aka biyo da su ta Degel, mazaunin Shehu, jama'arsa suka kwance su, kuma daga nan al'amari ya rincaɓe har aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Daga baya Malam ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello, ya rasa ransa bayan yaƙin Kware a 1818. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega.

Mu dai ba a aji muka fara jin irin waɗannan labarai ba. A gindin masallaci muka ji su, ranar yaɓe. Kafin saukar damina sai mai gari ya sa a yi shelar gayya: samari su kwaɓa ƙasa da ƙafa, yara su yi ta jigilar ruwa, magina su hau soro su duba azara, su gyara indararo. Tsofaffi kuwa suna kan dakali, hannu ba ya aiki amma baki bai huta ba. Wane limami ya fara jan salla a nan, a wace shekarar yunwa aka buɗe rumbun mai gari, duk a nan ake zazzage su.

Yau siminti da kwano sun hutar da mu, mun gode Allah. Sai dai ginin da ba ya neman gyara ba ya tara jama'a, kuma da muka rushe na ƙasa ko hotonsu ba mu ɗauka ba.

Wasu kuwa sun riƙe nasu: a ƙasar Danmak, ƙauyukan manoma da yawa har yanzu suna ibada a majami'un da kakanninsu suka gina shekaru 800 da suka wuce, kuma tun wajen 1645 limamansu ke rubuta baftisma, aure da mutuwa a littafi. Namu littafin yana ƙirjin dattawa. Wayar da ke aljihun jikokinmu tana ɗaukar murya, kuma a Gimbana, Andarai da Mungadi ba za a rasa tsohon da zai lissafo limaman garinsu ɗaya bayan ɗaya ba, in an durƙusa an tambaye shi.