Banki Ya Raina Ƙwandala, Mai Kanti Ya Maye Gurbinta da Alawa

Abin da ya ɓata ran mai wannan shafi a makon nan, in aka ƙirga shi kaf, bai kai naira dubu biyu ba. Wani dattijo ne, tsohon malamin firamare daga ƙasar Maiyama, ya ɗauki 'yar jakar yadi cike da sulalla ya shiga mota zuwa wani reshen banki a yankin Jega. Ba roƙo ya kai shi ba. Yana da asusu a wurin, ta nan fanshonsa ke shigowa. Sulallan ma ba na zamanin Turawa ba ne, 'yan naira ɗaya ne da naira biyu da sule biyar, waɗanda Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2007. Ya ware kowane iri daban, ya ɗaure su ɗari-ɗari a leda, ya rubuta adadi a 'yar takarda ya manna, da irin tsabtataccen rubutun nan na mutumin da ya shekara da shekaru yana cika rajistar aji.

Kashiya ta ɗaga ƙulli ɗaya da yatsu biyu, ta ce, "Baba, mi za mu yi da waɗanga?" Ya ce, "Ɗiyata, ai ku kunka ba mu su." Ta kira abokin aikinta ya zo ya gani, aka yi dariya, na kan layi suka taya. Daga ƙarshe aka ce ya kai su Birnin Kebbi, can reshen Babban Banki. Kuɗin motar zuwa da dawowa kawai zai cinye abin da ke cikin jakar.

Wannan raini ne, kuma ba shi da wani suna.

Malamin nan yana cikin 'yan tsirarun mutanen da tara tsofaffin sulalla ke ba su nishaɗi. Duk inda ya ji wata tsohuwa ta fasa asusu, ko an kwashe kayan wani mamaci an tarar da gwangwanin kuɗi a ƙarƙashin gado, sai ya je ya saya ko ya roƙa. Da la'asar ya shimfiɗa tabarma ya zazzage, ya sa tabarau, yana duba shekarar da ke jikin kowane ɗaya. Wanda ba shi da irinsa ya ajiye. Ragowar, waɗanda ya riga ya mallaki goma-goma, su ne yake son mayar wa banki. Daga bankin kuma yake fatan wata rana a ce masa ga wani buhu nan da ya daɗe a rumbun ajiya, zo ka canza ka duba. Ba tare da banki ba, sha'awarsa rabi ce.

Wanda ya zauna a bakin tabarmar nan zai ga tarihin da makarantu suka daina koyarwa. Akwai anini mai huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jikinsa. Na farkon da aka buga a 1907 da alminiyam aka yi shi, amma bai jure ba, sai aka koma wani ƙarfen mai ƙwari a 1908. Akwai ɗari da kwabo, su ma masu huda, waɗanda iyayenmu mata ke zura wa zare su ɗaura a ƙugu. Akwai kwabon 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a watan Disambar shekarar. A Ingila kanta ba a fitar wa jama'a kuɗi da sunansa ba, amma ga shi a gwangwanin madara a Maiyama. Ga taro, ga sisi, ga sule, ga fataka. Ga na 1973, shekarar da naira ta karɓi fam: rabin kwabo mai auduga, kwabo biyar mai koko, kwabo goma mai bishiyar kwakwar manja, kwabo ashirin da biyar mai gyaɗa. Ƙasar ta zana abin da take nomawa a jikin kuɗinta, yaro na riƙe da darasi a tafin hannu.

Kuma a ce a yankin Jega ne ake yi wa mai irin wannan kaya dariya! Garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, wanda kasuwarsa ta zama zangon fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro. A kasuwar nan an ƙirga wuri da hannu, dubu bisa dubu, ana jan su biyar-biyar da yatsu, kuma ƙirgar kanta sana'a ce da ake biyan mai yin ta. Jikokin waɗannan mutane ne yau ke ganin ƙirga ƙwandala ɗari wahala ce da ta fi ƙarfin ma'aikacin da ke zaune cikin sanyin na'ura.

Wannan sha'awa ba ƙauyanci ba ce. A Amurka mutane da yawa na yin ta. Mutum zai je banki ya ba da dala 25 a ba shi kwali mai ɗauke da kwabbai 2,500, ya kai gida ya tsince waɗanda aka buga kafin 1982, domin su kusan zallar tagulla ne, da masu zanen zangarniyar alkama na 1909 zuwa 1958, ya mayar da saura. Masu wannan harka suna da ladubban da suke koya wa juna: ka buɗe asusu a bankin da kake damu, kada ka je lokacin cunkoso, ka ƙirga ka naɗe kafin ka kai, kada ka mayar da tarkace a reshen da ka ɗauko, ka san sunan kashiya ka gaishe ta. Ladubba ne masu kyau, kuma malaminmu bai taɓa jin labarinsu ba amma ya cika kusan dukansu. Bai je ranar kasuwa ba, bai je ƙarshen wata lokacin albashi ba. Ya gaida mai gadi, ya bi layi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Shi ya shimfiɗa tasa, ɗaya ɓangaren ne ya naɗe.

Sai a duba doka, tunda mutanen banki na son a yi musu maganar doka. A ranar 28 ga Fabrairu 2007, zamanin Charles Soludo, aka fitar da sabon sule biyar, da naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai hoton ginin Majalisar Tarayya. Har umarni aka ba bankuna su riƙa haɗa wa masu cirar kuɗi da kashi biyu cikin ɗari a sulalla. Wato da hannunsu suka ɗura wa mutane su, ko mutum na so ko ba ya so. Har yau ba a soke waɗannan ukun ba. Sashe na 20 na dokar Babban Banki ta 2007 ya ce ƙin karɓar naira laifi ne, hukuncinsa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Idan mai shayi ya ƙi karɓar ƙwandala, a yi masa uzuri, ba shi da inda zai kai ta. Banki fa? Shi ne ƙofar da kuɗi ke bi ya koma inda ya fito. In ya rufe ƙofar, shi ya kashe kuɗin, ba talaka ba.

Mutuwar ƙwandala kuwa ita ta haifi babbar annobar da mai wannan shafi ya daɗe yana ƙorafi a kanta, wato "babu canji". Je ka kowace tireda daga tashar Jega zuwa ƙofar jami'a a Aliero. Ka sayi sabulu, saura naira talatin, sai yaron shago ya miƙo alawa, ko dunƙulen magi, ko cingam, ba tare da ya ɗago kai ya tambaye ka ba. Mai ciwon suga ma alawa ake ba shi. Tsoho marar haƙori, cingam. Wa ya naɗa mai kanti gwamnan Babban Banki da zai buga nasa kuɗin da sukari? Kuma kuɗin nasa hanya ɗaya yake bi. Gwada ka tara alawar mako guda ka mayar masa ka ce a ba ka ashana, ka ga irin kallon da zai yi maka. Abin da ya fi ciwo, alawar nan ba kyauta ba ce, haja ce da ya sayo a sari, yana da riba a kanta. Ya ci riba a sabulu, ya sake cin riba a canjinka, sannan ya jira ka yi masa godiya. Mai mashin ya koyi darasin, shi ko alawar babu, sai ya lalubi aljihu na ƙarya ya ce, "Alhaji, sai dai ka yafe." Yafiyar da aka ƙwata da injin mashin a kunne, mutum na sauri ya shiga asibiti, ba yafiya ba ce. Gidajen mai kuwa sun daɗe da mayar da 'yan kwabban da ke bayan lamba tamkar gadon ubansu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Inda ƙaramin kuɗi ya ɓace, farashi ba ya tafiya da ƙafa, tsalle yake yi. Ledar ruwa ta tashi daga biyar zuwa goma, zuwa ashirin, zuwa hamsin, domin babu abin da za a tsaya a kai a tsakani. Yanzu naira biyar da goma na leda ma sun bi sahun ƙwandala, almajiri kansa juya su yake yana dubawa. Amma ƙetara Kamba ka shiga Gaya a Jamhuriyar Nijar, ka ga mai ƙosai tana ƙirgo canji da sulallan sefa daga kwano, ba wanda ke jin kunya. Su ba su fi mu arziki ba. Sun dai riƙe ƙaramin kuɗinsu.

Malamai sun karantar da mu tun muna allo cewa akwai sura sukutum da ta yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin kai a saye da sayarwa. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ba a ce sai ta kai dubu ba.

Wani abin takaicin, bankin da ba shi da lokacin ƙirga sulallan malami yana da lokacin wasu abubuwan. Ina masu sayar da sababbin kuɗi a bakin wuraren biki suke samo bandir-bandir da ko ninki ba a taɓa yi musu ba? Daga sama suke faɗowa? Sashe na 21 na waccan dokar ya hana liƙi, ya hana cinikin takardun naira, amma duk Asabar ana tattaka su a filin rawa, talaka kuwa in ya je cirar dubu biyar sai a haɗa masa da yagaggu masu salatif. Mutanen Aliero ba su manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin 200 da 500 da 1,000, ana tsakiyar kakar albasa. Manomi ga buhuna jibge, mai saye ga kuɗi a waya, amma takarda ta gagara, masu POS na yanka yadda suka ga dama, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris. A wancan lokacin da wani ya fito da buhun ƙwandala, da rububinta za a yi.

Su ma masu tara sulallan ba dukansu ne waliyyai ba. Akwai wanda zai zo da kwano haɗe da ƙasa da ƙusa da murfin kwalba ya juye a kan kanta ranar Litinin da safe, ya tsaya yana zagi. Akwai kuma 'yan damfarar da ke yawo ƙauye-ƙauye suna cewa kwabo mai huda na ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye da miliyoyi, su karɓi kuɗin mutane da sunan gwaji su ɓace. Waɗannan su suka ɓata wa masu gaskiya suna. Amma kashiyar da ba ta iya bambanta ɗan damfara da tsohon malamin da ya zo da ƙulli ɗari-ɗari da rubutu a jiki ba, matsalarta ba ta horon aiki ba ce, ta tarbiyya ce. Wataƙila ma irinsa ne ya koya mata ƙirga ɗaya zuwa goma.

Idan ƙwandala ta gama aiki, a fito a faɗa. Kanada ta yi haka da kwabonta, ta daina raba shi a 2013, ta bar bankuna suna karɓa daga hannun jama'a, ta kuma bayyana yadda za a riƙa daidaita farashi. Amurka ta buga kwabonta na ƙarshe a Nuwamban 2025, bayan kuɗin ƙera shi ya haura ninki uku na darajarsa. A nan kuwa, a 2012 Sanusi Lamiɗo Sanusi ya kawo shirin mayar da naira biyar da goma da ashirin sulalla tare da fitar da takardar 5,000, aka yi ca, gwamnatin Jonathan ta dakatar da shirin, tun daga nan aka bar maganar a rataye. Ba a raya ƙwandala ba, ba a yi mata jana'iza ba.

Reshen Babban Banki na Birnin Kebbi na da ikon rubuta wa bankunan Jega da kewaye takarda guda, ya tuna musu cewa sule biyar da naira ɗaya da naira biyu kuɗi ne, su ware ko da safiya ɗaya a wata su karɓa, su haɗa da kayan da motarsu ke kaiwa can dama. Manajan wancan reshen kuma, bashin ban haƙuri na kansa. Lambar wayar dattijon tana cikin fayil ɗin fanshonsa.