Tokar Hekla da Tarihin Ruwan Sama a Fadamun Turai

A watan Afrilun 2010 wani dutse mai aman wuta a ƙasar Aislan, Eyjafjallajökull, ya tsayar da zirga-zirgar jiragen sama a yawancin Turai har kusan mako guda, aka soke tashin jirage fiye da dubu 100. Fasinjoji suna ta tsaki a filayen jirgi, ita kuwa tokar tana sauka a hankali kan gonaki da tafkuna. Duwatsun Aislan sun shafe dubban shekaru suna wannan aiki, iska na kwasar tokarsu kamar yadda hunturu ke ɗauko ƙura daga Chadi ya sauke ta a Kano. Wadda ta faɗa cikin fadamun gansakuka tana nan har yau, kuma ita ce babban dalilin da ya kamata a daina yi wa fadamun nan kallon ma'ajiyar makamashi.

Fadamun Ailan da Sikotilan da Suwidin ba irin namu ba ne na noman rani. Gansakuka ce ke tsiro a kansu, ta mutu, sabuwa ta hau kanta. Ruwan yana da tsami, iska ba ta ratsa shi, don haka abin da ya mutu ba ya ruɓewa sosai, sai dai ya yi ta taruwa, kimanin milimita ɗaya a shekara. Fadama mai zurfin mita takwas ke nan tana iya riƙe da labarin shekara dubu takwas. A 1950 masu yankan wannan baƙar ƙasa a Tollund ta Denmak sun tono gawar wani mutum, suka kira 'yan sanda a zaton kisan kwanan nan ne, alhali ya haura shekara dubu biyu da mutuwa.

Da yake wasu fadamun ruwan sama kaɗai suke sha, jikinsu na nuna yadda yanayi ya kasance. Zamanin danshi kan bar shimfiɗa mai haske, na fari kuma ya bar mai duhu. Garin furannin da ya maƙale a ciki yana faɗin itatuwan da suka yi zamani a wurin. Abin da ya daɗe yana ba masana wahala shi ne lokaci. Gwajin kabon da ake auna shekaru da shi yakan yi kuskuren shekaru gommai, wani lokaci ɗaruruwa, to ta yaya za a tabbatar cewa danshin da aka gani a Ailan shi ne wanda aka gani a Suwidin?

Nan toka ta yi rana. Aman dutse guda yakan sauke tokarsa cikin kwanaki ko makonni, saboda haka duk inda aka same ta, lokaci ɗaya take nunawa. Sigurdur Thorarinsson, masanin ƙasa ɗan Aislan, shi ya kafa wannan fanni a kundin digirinsa na 1944. A ƙasarsu ana ganin shimfiɗar tokar da ido, fara ko baƙa. A nesa kuwa sai an yi aikin haƙuri: a soka bututu a ciro ƙasar, a yanka ta sala-sala, a ƙona ko a narkar da ita da asid, sannan a sa abin da ya rage ƙarƙashin madubin ƙara girma. Can za a ga ɓarɓashin gilashi masu kumfa a jiki, da yawansu ba su kai kaurin gashin kai ba. Awon sinadaran da ke cikinsu shi ke tona dutsen da ya amayo su.

A 1989 Andrew Dugmore ya ba da rahoton tokar Aislan a wata fadama ta Caithness, arewacin Sikotilan. Jon Pilcher da Valerie Hall na Jami'ar Queen's da ke Belfast suka bi sahu a Ailan, inda aka ƙiyasta wani babban aman dutsen Hekla na Aislan a wajen shekarar 2310 kafin haihuwar Annabi Isa. Wata toka ma da aka daɗe ana gani a fadamun Ailan da Jamus, sai a 2014 aka tabbatar daga Alaska ta taso, tafiyar kilomita kusan dubu bakwai.

Abin yabo a wannan fanni shi ne ba ya barin zato ya zauna. A 1992 wasu masana sun danganta raguwar itatuwan fain a arewacin Sikotilan da aman Hekla, domin abubuwan biyu sun zo daf da juna. Da aka duba fadamun arewacin Ailan, inda wannan toka take, sai aka ga raguwar ba ta zo tare da ita ba. Tokar da ta haifar da zargin ita ce ta rage masa ƙarfi.

Duk da haka, an shafe ƙarnoni ana yankan fadamun nan don hura wuta, daga baya don injinan lantarki da tukwanen furanni. Abin takaici, saman ake fara kwashewa, wato shekarun baya-bayan nan, waɗanda aka fi buƙata don auna ɗumamar duniya ta yau da abin da ya gabata. An samu ci gaba: kamfanin gwamnatin Ailan, Bord na Móna, ya sanar da daina haƙar a 2021, UNESCO kuma ta sa fadamun Flow Country na Sikotilan cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Hujjar da aka fi kawowa don kare fadamun ita ce kabon, tunda irin wannan ƙasa kashi 3 cikin ɗari ce ta doron ƙasa amma ta fi dukkan dazuzzuka riƙe shi.

Hujjar gaskiya ce, sai dai ba ta wadatar ba. Fadamar da aka yashe ana iya mayar mata da ruwa gansakuka ta sake tsiro, amma shimfiɗar tokar da aka kwashe ta tafi ke nan. Bai kamata wata gwamnati ta ƙara ba da izinin haƙar fadama ba sai masana sun ciri samfurinta tun daga sama har ƙasa sun adana.