RA'AYINMU: Wa Ke Da Alhakin Wanda Ɗakinsa Ya Faɗi?

 

Duk wanda ya san ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya san Agusta wata ne na murna da fargaba a haɗe. Nan ne kudancin jihar Kano, inda ruwan sama ya fi sauka, amma ruwan da ke raya masara da shinkafa shi ne ke jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube. Kafin a shiga kaka sai ka tarar da magidanci ya kwashe iyalinsa zuwa ajin firamare, ko ya rarraba su gidajen dangi, shi kuwa yana kwana a zaure. Ba a ganinsa a ƙarƙashin gada kamar a Legas, shi ya sa mahukunta ba sa lissafa shi cikin marasa muhalli. Alhali wanda ba shi da ƙofar da zai rufe a kan iyalinsa, ai ba shi da gida.

A ambaliyar 2022 kaɗai, sama da mutum 600 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya kuma suka bar gidajensu. Abin da aka saba kai wa irin waɗannan bayin Allah shi ne buhun abinci da tabarma da bargo, a ɗauki hoto, a tafi. Shin wajibi ne hukuma ta sama musu matsuguni? Amsarmu ita ce ƙwarai kuwa, kuma ga dalilanmu.

Na farko, addini. A Madina, Muhajirai matalauta da ba su da gida an ware musu wuri mai rufi a jikin Masallacin Annabi (SAW), su ne ake kira Ahlus Suffa. Imam Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa idan zakka ta kasa, shugaba zai tilasta wa mawadatan gari su wadata matalautansu da abinci da sutura da kuma muhallin da zai kare su daga ruwa da rana da idon mutane. Nauyin yana farawa daga dangi da maƙwabta, ya wuce zuwa zakka, ya tsaya a kan baitulmali. To, idan ruwa ya rushe unguwa guda, wane maƙwabci ne ya rage da zai ɗauki nauyin wani?

Na biyu, alkawarin da hukuma ta yi da bakinta. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati ta fuskantar da manufofinta wajen sama wa kowane ɗan ƙasa muhalli wadatacce, ko da yake an sanya wannan a babin da ba a iya kai ƙara kotu a kansa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da filayen karkara. A 1991 an yi alkawarin gida ga kowa kafin shekara ta 2000, sannan a 1992 aka kafa asusun gidaje da ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa. Manomin Doguwa ba shi da albashi, balle takardarsa. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a gefen birnin Kano tsakanin 2011 da 2015 kuwa, na sayarwa ne ga mai hali.

Na uku, tarihin yankin. Lokacin da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, an tashi ƙauyuka daga gidaje da gonakin iyaye da kakanni, aka sake musu mazauni. Da wannan ruwa ake noman rani a Kadawa, daga gare shi birnin Kano ke sha. Hukumar da ta iya tayar da mutane ta zaunar da su don bukatarta, ba za ta ce ta rasa dabarar zaunar da su ba ranar da bukatar ta zama tasu.

Wasu za su ce babu kuɗi, wasu su ce kyauta tana koya wa mutane zaman kashe wando. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru. Jihar Borno ma, duk da halin da take ciki, ta sake gina garin Ngarannam tare da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta mayar da mutanensa a 2022. Kuma ba bene ake nema ba. Bakane ya iya ɗiban ƙasa, ya iya aikin gayya. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne fili a tudu, da siminti na harsashi, da kwanon rufi.

Don haka muna kira da a yi abu uku kafin wata damina. Ƙananan hukumomin nan huɗu su ware filaye nesa da hanyar ruwa. Masu unguwanni da dagatai da limamai su rubuta sunayen mabukata, a karanta su a bainar jama'a, a fara da matan da mazansu suka rasu da marayu da tsofaffi, don kada rabon ya koma hannun 'yan jam'iyya. Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa a 2003, ta sanya kayan gini cikin abin da take rabawa, kuma ta bayyana lissafi.

Mu kuma 'yan'uwa, kada mu zauna jiran hukuma. Kowane reshe ya san gidajen da suka faɗi a unguwarsa, 'yan agaji su fito da shebur da kwando. Za a tambayi shugaba abin da aka ba shi kiwo, mu ma za a tambaye mu haƙƙin maƙwabci.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalam.