Ramin noti: aikin da ba mu biyan kuɗinsa

1/ Masu Boxer da Jincheng, ku matso. Ra'ayina ne, kuma ina kan bakana: makaniken da ya sauke inji ya mayar bai wanke ramukan noti ba, bai gama aiki ba, ko da fistin da ringin da ya sa na asali ne.

2/ Jikin injin alminiyam ne, notin kuma ƙarfe. Da ruwa ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ke fara cinyewa. Farin garin nan mai kama da toka da ake gani a ramin, shi ne. Ga tsatsa, ga tsohon baƙin mai, ga ƙurar hunturu, duk sun cakuɗe a cikin tiredi.

3/ A aji an koya mana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ka sa a sifana gogayya ce ke cinye shi. Ɗan ragowar ne ke matse ƙarfe da ƙarfe. To ina ga rami mai datti? Noti zai yi tauri tun bai kama ba. Hannu ya ce ya ɗauru, fakin kuwa bai matsu ba.

Bayan sati biyu mai ya fara tsiyaya, sai a hau zagin mai shago wai fakinsa jabu ne. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

4/ Wanda ya fi ban tsoro shi ne ramin da bai ɓulle ba. In mai ko ruwa ya kwanta a ƙasansa, ka tura noti, ba shi da hanyar fita, kuma ba ya matsuwa. Ci gaba da ɗaurewa, sai jikin injin ya tsage.

5/ Kuma wallahi gyaran ba tsada. A zuba kananzir ya jiƙa. A samu tsohon noti mai lafiya daidai ramin, a tsaga shi a tsaye da zarton ƙarfe wuri biyu. A juya shi da hannu, ya shiga kaɗan, a dawo da shi, a goge, a sake. Tsagar ce ke kwaso dattin. Sai a hure da iska, ko da famfon keke ne. A kare ido fa.

6/ Banda garaje da taf mai yankan tiredi. Shi nama yake ci, alminiyam kuma ba shi da ƙarfin jurewa.

7/ Amma ni ban cika ganin laifin makanikai ba. Mu ne. Kuɗin aiki ɗaya ne, an wanke ko ba a wanke ba. Ɗan acaɓa na tsaye a kansa, balas na jiran sa da yamma, "Oga yi sauri mana." Sabon fistin ana nuna maka kwalinsa. Rami mai tsabta wa zai nuna maka? Wa zai ɓata awa guda a kan abin da ba za a biya shi ba?

8/ Ni dai in za a buɗe min inji, tun farko nake cewa a wanke ramuka, zan ƙara kuɗi, kuma ba yau nake so ba.

Gwajin ma sauƙi gare shi: noti ya shige da yatsu har kusan ƙarshe kafin a ɗauko sifana.

9/ In kuwa tiredin ya riga ya mutu, kar ka yarda a naɗa wa noti zare ko a danna babba da ƙarfin tsiya. A sa Helicoil. Ƙananan notin murfin inji, M6, wajen Nm 10 kawai suke so, ba a hau sifana da ƙafa ba.