Ƙafa ake dubawa ko wando?

Ƙanƙara ba a ƙasarmu take ba, amma maganar nan ta shafe mu.

A wasan zamiya kan ƙanƙara, a 1988 hukumar duniya ta ISU ta tilasta wa mata sa siket. Mace ta sa wando, a rage mata maki komai iyawarta. Sai 2004 aka cire dokar. A 2018, a wasannin Olimpik na Koriya ta Kudu, Maé-Bérénice Méité ta Faransa ta fito da wandonta, ƙanƙara kuwa ba ta tsage ba.

A 2012, a Italiya, alƙalai sun rage wa Zahra Lari, ƴar Daular Larabawa, maki don ta sa hijabi. Nan kam kowa zai ce zalunci ne. To, zalunci ne! Amma hannun da ya hukunta mai hijabi shi ya hukunta mai wando: an bar ƙafa ana kallon tufafi.

Mu fa? Yarinya ta sa wando ta shiga filin ƙwallo a Maradi ko Damagaram, wasu su bi ta da "ga namiji, ga namiji", har ta bar wasan don kunya. Alhali wandon ya fi siket rufe jiki.

Wallahi bai kamata mu yi kukan Zahra mu dawo muna yi wa ɗiyar maƙwabci dariya ba. In wasa ake, a dubi wasan.