Ƙasar gulbi tana bayan makaranta, mu muna nemanta cikin littafi

Kwanakin baya na je duba wani ɗalibinmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke kusa da Gulbin Maraɗi. Darasin ranar a kan ire-iren ƙasa ne. Ya rubuta kalmomi uku na Faransanci a allo, sable, argile da limon, yara suka yi ta maimaitawa har suka haddace. Da aka tashi, na tsai da wani yaro na tambaye shi da Hausa wace irin ƙasa ce a garkar babansa. Nan take ya ce mini gefen gabas jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, can ƙasa kuma laka ce mai tsagewa da rani, amma ta tsakiya ita ce mai kyau, don ko an yi mata ban ruwa da safe, kafin la'asar ta tsane, kuma ba ta bushe ba. Yaron nan bai ɗaga hannu ko sau ɗaya a aji ba. Laifin kuwa ba na malaminsa ba ne, namu ne da muka horar da shi.

Wannan ƙasa ta tsakiya da yaron ya ambata ita nake so mu tattauna, malamai da iyaye. A ganina ita ce dukiya mafi tsada da ke kwance a kwarurukanmu, daga Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba zuwa Majiya da Koramar Damagaram, kuma muna yaye yara ba su iya gane ta da hannunsu ba.

Kowace ƙasa haɗi ce ta abu uku. Akwai yashi, mai ƙwaya daga milimita 2 zuwa 0,05. Akwai garin ƙasa, wanda littafi ke kira limon, daga 0,05 zuwa 0,002, mai laushi kamar garin tuwo. Abin da ya gaza haka ƙanƙanta shi ne laka. Idan yashi ya rinjaya, ruwa ya zurare ya tafi da taki. Idan laka ta rinjaya, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska. Ƙasar da masana ke yabo ita ce wadda ba wanda ya danne wani a cikinta, misali yashi kashi 40 cikin ɗari, gari kashi 40, laka kashi 20. Tana riƙe danshin da shuka ke bukata, tana sakin rarar, kuma hauya na shigarta ba wahala.

Gulbi ne da kansa ke yin wannan haɗi. Idan ya cika ya tsallake gaɓa, ƙarfinsa na raguwa, sai ya fara sauke kayansa mai nauyi, wato yashi, a bakin gaɓa. Gari ya ɗan ƙara gaba kafin ya zauna. Laka kuwa sai can nesa, inda ruwa ke tsayawa kwanaki. Shi ya sa a fadama guda za ka taka ƙasa iri uku kafin ka yi tafiyar minti goma. Kowace ambaliya tana barin shimfiɗarta a kan ta bara. Wanda ya taɓa leƙa sabuwar rijiyar garka ya ga wannan da idonsa: falle na yashi, falle na baƙar ƙasa, wani falle na yashi kuma, kamar an jera tabarmi. Waɗannan fallaye su ne babbar shaidar ƙasar gulbi. Shaida ta biyu launi ne. Inda ruwa ke tsanewa da kyau, ƙasar tana da launi guda, ja-ja ko ruwan ƙasa, har zurfi. Inda ruwa ke daɗewa, za ka gan ta toka-toka da ɗigo-ɗigo kamar na tsatsa. Wannan ɗigon ƙarfen da ke cikin ƙasa ne ke nuna ta sha zama ba iska.

Masana sun yi wa ƙasashen noma rabe-rabe, kuma ya kamata malami ya san su. Tsarin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke yaɗawa yana da manyan rukunai 32. A cikinsa ƙasar da gulbi ya shimfiɗa tana da rukuninta, Fulubisol, daga kalmar Latin mai nufin kogi. Mai ɗigon tsatsa da ruwa kusa tana shiga Gilesol, jigawarmu kuma Arenosol. Tsarin Faransawa na 1967, wanda tsofaffin malaman gonarmu suka karanta, yana kiranta ƙasa ƙaramar shekaru wadda ruwa ya kawo, don ba ta daɗe a wuri guda ba har ta yi sassan da tsohuwar ƙasa ke yi. Amurkawa suna da manyan rukunai 12, kuma suna sauka daki-daki har su kai ga ƙasar wani yanki, su raɗa mata sunan garin da aka fara bayyana ta. Wannan al'ada ta burge ni. Mu ma ai albasar Galmi da sunan garinta duniya ta san ta, amma ƙasar da ta haife ta ba mu koya wa ƴaƴanmu sunanta ba.

Ga shi kuwa manomanmu ba su jira kowa ba wajen rabe ƙasa. Suna da jigawa, da geza mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta, da fadama, da laka, kuma kowane suna yana ɗauke da umarni: me za a shuka, yaushe, da wane irin aiki. Abin da Bature ya auna da na'ura, baƙauye ya auna shi da hauya da tafin ƙafa shekara da shekaru. Darasi mai kyau shi ne wanda ya fara da sunan da yaro ya zo da shi daga gida, sannan ya ɗora masa na littafi. Tunda kundin ƙasa na 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, wannan darasi na cikin wuraren da za a fara ganin ko maganar ta sauko daga takarda.

Wani malami zai ce ba shi da kayan gwaji, kuma manhaja ta cika. Na yarda manhaja ta cika. Amma kayan gwajin nan uku ba sa cin ko dala. Na farko, yaro ya jiƙa ƙasa a tafinsa ya murza. Jigawa ba ta dunƙuluwa. Laka tana yin doguwar igiya har a lanƙwasa ta ta zama zobe. Ƙasar da muke magana tana dunƙuluwa, ta yi igiya, amma da an lanƙwasa sai ta karye. Na biyu, a zuba ƙasa cikin kwalba fara, a cika da ruwa da ɗan garin sabulu, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai zauna cikin minti guda, gari cikin ƴan awoyi, laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. Yara su auna kaurin kowane falle da abin awo, ga darasin lissafin kaso cikin ɗari ya shigo da kansa. Na uku, a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, ya tsane, a sake cikawa. Idan ya shanye nan da nan, yashi ne ya yi yawa. Idan an dawo washegari ruwa na nan, wurin na shinkafa ne, ba na albasa ko tumatir ba. Idan ya tafi a hankali cikin ƴan awoyi, to an dace.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan magana shi ne ƙasar nan tana fita hannunmu. Tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya, inda gulbin ke biyowa kafin ya shigo mana, ruwa da lallausar ƙasar da yake kawowa ba kamar da ba ne, don madatsa tana tare ruwa, tana kuma tare abin da ruwa ya ɗauko. Abin da ke ƙasa yanzu gado ne, sabuntawarsa ta ragu. Duk da haka kana zagayawa za ka ga ramukan masu tubali a inda da garka ce, ka ga an yanka fadama filayen gini. Ban ga laifin talakan da ya sayar da ƙasar gonarsa don ya biya asibiti ba. Abin da ke damuna shi ne mai saye da mai sayarwa da mai sa hannu a takarda duk sun bi ta ajinmu, kuma ba wanda muka nuna wa cewa falle ɗaya da aka kwashe da tifa cikin yini, gulbi ya yi shekaru yana shimfiɗa shi.

Gini a wurin kuma yana da nasa hatsari. Tsohon birnin Maraɗi a cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta rushe shi, aka komo tudu inda gari yake yau. Fallayen da ke cikin rijiyar garka suna faɗa wa duk mai ido cewa ruwa ya zo nan, kuma hanyar da ruwa ya sani ba ya mantawa da ita. Ƙasar da ta fi kowace kyau ga zogala da albasa da masara, kamar yadda ake gani a noman ranin Jirataawa, ita ce ta fi kowace muni ga harsashin gida.

Roƙona ga ƴan'uwana malamai, musamman mu masu horar da wasu, shi ne kada ɗalibi ya fita hannunmu bai taɓa murza ƙasa a gaban aji ba. Yini ɗaya a shekara, bayan damina, a fita da yara zuwa bakin gulbi ko korama mafi kusa, a gayyaci dattijo manomi ya faɗi sunayen, malami ya ɗora na littafi a kai. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da kwalba cike da ruwan taɓo, kada a zubar masa, a tambaye shi me ya gani. Wata rana shi ne magajin gari, ko malamin gona, ko magajin garkar, kuma takardar yanka fadama a gabansa za a ajiye ta. Allah ya sa ranar ya tuna da kwalbar.