Zauren 'Yan Mata: Ko Ni Ko Fiyano!



Satin nan ina tsintar shinkafa na kunna wani kiɗan jita na ƙasar Birazil, mai taushi, sai ka ce ana rarrashin yaro. Ashe asalinsa kiɗan fiyano ne, kuma mace ce ta tsara shi, Chiquinha Gonzaga (ku ce Shikinya, kada harshe ya karye).

An haife ta a birnin Riyo a 1847. Babanta hafsan soja ne, kakarta ta wajen uwa kuwa baiwa ce. Tana da shekara 16 aka yi mata aure, babanta ya ba ta fiyano gudummawa. To fa! Maigida ya ɗauki fiyanon nan tamkar kishiya. Da rigima ta ƙi ƙarewa sai ya ce ta zaɓa, ko shi ko kiɗa. Ta fita. Danginta suka juya mata baya, cikin 'ya'yanta uku babban kaɗai ta tafi da shi. Wallahi nan ne ya fi tsaya mini a rai. Ni dai ban ce ta kyauta ba, amma shi ma gogan, me fiyano ya tsare masa?

Da koyar da kiɗa ta riƙa ciyar da kanta. A 1877 kiɗanta "Atraente" ya karaɗe gari, a 1895 kuma ta tsara wanda ake kira "Corta-jaca", irin na rawar talakawa.

Yanzu ga inda jita ta shigo. A zamanin, fiyano na falon masu hali ne, jita kuwa ta 'yan zaman kashe wando ce a idon manya. Kwatsam a 1914 sai matar shugaban ƙasa, Nair de Teffé, ta ɗauki jita ta kaɗa "Corta-jaca" a gaban manyan baƙi a fadar Catete. Gari ya ɗauka! Har Sanata Rui Barbosa ya miƙe a majalisa yana cewa an zubar da mutuncin fada.

Kuma ba ƙaramin aiki ba ne mayar da kiɗan fiyano kan jita. Abin da yatsu goma ke yi a kan madannai 88, sai an matse shi cikin tsirkiya 6, babban yatsa na riƙe da kauri, sauran na jan amon waƙar. Dole a zubar da wasu sautuka, shi ya sa yake fitowa a sanyaye.

Shikinya ta rasu a 1935 tana da shekara 87. Ni kuwa shinkafata saura kaɗan ta ƙone. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.